Giwa daban, ɗan firamare daban



Duk shekara idan kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai maganar yawon buɗe ido ta taso a zumuntar matasa. Bana ma ta taso, kuma sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne Yankari. Wannan ba abin ƙi ba ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani ƙari da aka liƙa wa tafiyar, wanda kusan kowa ya gyaɗa masa kai ba a tauna shi ba. Wai a kan hanya mu tsaya a wata firamare ta ƙauye kusa da dajin, mu raba biro da littattafan rubutu da alewa, yara su yi mana waƙa, mu ɗauki hoto, sannan mu wuce mu ga giwaye. Ra'ayinmu shi ne a cire wannan tsayawar daga tsarin tafiyar. A je Yankari, a je da kyau. Makarantar da za mu taimaka kuwa, a nemo ta inda ƙafarmu za ta iya komawa gobe da jibi.

Wannan tsari aro ne. Kamfanonin da ke kai Turawa kallon namun daji a Kenya da Tanzaniya, wuraren irin su Masai Mara da Serengeti, sun daɗe suna saka shi cikin abin da suke sayarwa. Da asuba a shiga mota a nemo zaki, da hantsi a leƙa makarantar ƙauye, da yamma a koma masauki a ci abinci a bakin wuta. Su suna kiran tafiyar safari, kalmar Swahili ce mai nufin tafiya, kuma daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da safara tamu ta Hausa. Mai safara yana fita ne don ya dawo da riba. Shi ma mai safari da tasa ribar yake dawowa, sai dai tasa hoto ce. Ka duba wayarsa bayan ya koma gida: ga zaki, ga yara cikin yunifom sun jeru suna tafi, ga raƙumin dawa. Duk a jere ɗaya, duk abin da ya gano ne.

Ba mu ce mutanen nan mugaye ba ne. Da yawansu da zuciya ɗaya suke zuwa, kuma akwai makarantun da suka sami aji ko rijiyar burtsatse ta wannan hanya. Mu ma da muke son kwaikwayonsu, ba wanda ya kawo shawarar da mugun nufi. Amma niyyar baƙo abu ɗaya ne, abin da ke faruwa a cikin aji wani abu ne dabam, kuma mu mutanen Rimin Gado ba sai an ba mu labarinsa ba, domin mun zauna a kan bencin nan, wasunmu ma a ƙasa muka zauna.

Ku tuna ranar da aka ce baƙi za su zo makaranta. Tun ana jibi karatu ya tsaya. A yi shara, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa. A ware masu murya su maimaita waƙar maraba har maƙogwaro ya bushe. Wanda rigarsa ta yage a tura shi layin baya, wanda ba shi da takalmi a ce ya ɓuya tsakiyar mutane. An ce ƙarfe goma za su iso, sai sha biyu ta wuce muna tsaye cikin rana. Su sauko, su yi murmushi, su yi minti talatin, su tafi. Wa ya tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu? Su ma ba su san namu ba. Abin da muka sani shi ne kwana biyu ko uku babu lissafi babu Turanci, kuma ba a taɓa rama wa yaro darasin da ya rasa saboda baƙi.

Sai rabon kaya. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalin biro a gaban yara ɗari ya san yadda abin yake ƙarewa. Manya su ture ƙanana, mai wayo ya karɓa sau biyu, mai kunya ya tashi hannu wofi. Bas ta tayar da ƙura ta tafi, a bar malami da masu kuka. Biron ya ƙare cikin mako biyu, ko ya ɓace kafin la'asar. Abin da ba ya ƙarewa shi ne darasin da yaron ya ɗauka ranar, cewa idan mota ta tsaya da baƙi, miƙa hannu ake yi. A wuraren da masu yawon buɗe ido suka yawaita, ana kukan yaran da ke barin aji su tsaya bakin hanya suna jiran motar baƙi. Ba wanda ya koya musu haka sai masu kyauta.

Akwai ma wani lissafin da ba a yi ba. Yawancinmu ba ma samun damar tafiya sai lokacin hutu, na Kirsimeti ko na Ista, kuma a lokacin makarantun ma suna hutu. To wa za mu tarar? Ko dai mu sami aji a kulle, ko kuwa a aika gida-gida a kirawo yara, a raba wannan da kiwo, a raba waccan da ɗiban ruwa, su sa yunifom su zo su tsaya domin mu. Idan har sai an kirawo yaro daga gida don baƙo ya gan shi a makaranta, ai kowa ya san don wa aka yi taron.

Maganar hoto ta fi duk waɗannan nauyi. A ce wata rana bas ta taso daga Legas, ta tsaya a ƙofar firamaren unguwarku, mutane talatin da ba ku taɓa gani ba suka sauko da wayoyi. Suka ɗauki ƙanwarka da yagaggen hijabi ko ɗankwali, suka ɗauki ƙaninka da majina, kafin magariba hoton ya hau Facebook da WhatsApp, an rubuta a ƙasa cewa an kai wa marasa galihu na Arewa taimako. Ba a tambayi mahaifinku ba, ba a tambayi mahaifiyarku ba. Hoton nan zai zauna a intanet har yaron ya girma ya yi aure. Za ka ji daɗi? To uban yaron da ke gefen Yankari, zuciyarsa irin taka ce.

Duniya ta riga ta ɗanɗana inda wannan hanya take kaiwa. A Kambodiya, ziyarar gidajen marayu ta zama sana'a har aka riƙa raba yara da iyayensu matalauta ana cika gidajen da su, domin baƙi su zo su ji tausayi su ajiye kuɗi. Bincike ya nuna akasarin yaran da ke irin gidajen nan suna da uwa ko uba a raye. A 2011 wata ƙungiya mai suna Friends-International, tare da UNICEF, ta fito da gangamin gaya wa masu yawon buɗe ido cewa yara ba abin kallo ba ne. A 2018 ƙasar Ostareliya ta zama ta farko da ta amince a hukumance cewa safarar yara zuwa gidajen marayu don a ci kuɗin baƙi wani nau'in bauta ne na zamani. Tsayawar minti talatin a firamare ba ta kai nan ba, mun sani. Amma iri ɗaya ne aka shuka, na mayar da talaucin yaro abin da ake zuwa gani.

Mu ƙara da abin da ba a cika son faɗa a fili ba. Mu matasan ikilisiya ne, kuma makarantar gwamnati ta kowa ce. A nan Rimin Gado yawancin yaran da ke cikinta 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, haka ma a ƙauyuka da dama na Bauchi. Zaman lafiyar da muke ci da maƙwabta, iyayenmu sun gina shi ne da shiga ta ƙofa, da gaisuwa, da sanar da mai unguwa kafin a yi abu. Motar majami'a ta tsaya a makarantar garin da ba a san mu ba, a tara 'ya'yan mutane, a raba musu kaya, a ɗauke su hoto, ba sai an daɗe ba wani zai fassara abin yadda ba mu nufa ba. Mu za mu shiga mota mu dawo Kano. 'Yan'uwanmu masu bi da ke zaune a can su za a bari da amsa tambayoyi. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, kuma zomo mai hankali ba ya shiga gonar da bai san mai ita ba.

Yanzu mu koma kan dajin, domin shi ne dalilin tafiyar, kuma dalili ne mai ƙarfi. Mu a nan ba mu da daji. Ƙaramar hukumar Rimin Gado faɗinta kimanin murabba'in kilomita 225 ne, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 100,000 a ciki. Daga titin Gwarzo ka shiga ta kowane ɓangare, gona ce ke bin gona, gida ke bin gida. Masana irin su Michael Mortimore sun shafe shekaru suna nazarin wannan ƙasa da ke kewaye da birnin Kano, suna mamakin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin gida da tokar birni, kuma ana barin itatuwa a tsaye cikin gona: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, da rimin da garinmu ke ɗauke da sunansa. Abin alfahari ne. Sai dai kuɗinsa shi ne namun dawa sun tafi. Yaron da aka haifa a nan ya san kurege da gafiya da bushiya, wataƙila ya taɓa ganin zomo ya gifta. Kura da zaki da giwa kuwa sai a tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ko ungulu, wadda iyayenmu suka saba gani ta cika mahauta ranar kasuwa, yau sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba. Shamuwa ce kaɗai ba ta yi fushi da mu ba, tana zuwa da damina.

Yankari kuwa faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, wato kusan ƙaramar hukumarmu sau goma, babu gona babu gida. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Daga ƙofar shiga ta Mainamaji zuwa masaukin Wikki tafiyar sama da kilomita 40 ce cikin daji zalla. Can ne ruwan Wikki yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar gilashi, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, mugun dawa, da bika da ke yawo har ƙofar ɗaki. Akwai zakuna ƙalilan, cikin na ƙarshe da suka rage a Najeriya. Akwai kuma giwaye, garke ne da ke cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, duk da haka ƙiyasin masu kula da su bai wuce 100 zuwa 150 ba. Gani ya kori ji. Matashin da ya tsaya ya ga giwa ta karya reshe da haurenta, ba zai sake jin labarin halitta kamar da ba.

Ya kamata mu sani cewa irin wannan wuri yana iya mutuwa, domin namu na Kano ya kama hanya. Dajin Falgore da ke wajen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. Marigayi Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi tunanin masu yawon buɗe ido sosai. A zamaninsa aka gina madatsar ruwan Tiga da ta Bagauda da gidan zu na Kano, aka yi otal a bakin tafkin Bagauda, ga kuma Rock Castle a kan dutsen Tiga. Yau harabar otal ɗin Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Rock Castle ya shafe shekaru a yashe. Falgore kuwa, idan aka ambace shi a rediyo, an fi jin labarin ɓarayin shanu da sojoji fiye da na gwanki. Gidan zu ne ya rage wa yaranmu, shi ma labarinsa da ya fi zagaya duniya shi ne na 2019, da aka ce goggon biri ya haɗiye kuɗin tikiti miliyoyi, har gwamna ya fito ya ce gidan ba shi da irin wannan biri ma. An yi dariya, amma akwai abin dubawa a ciki. Kuɗin da baƙo ya biya a ƙofa, idan bai isa ga dabba da mai gadinta da maƙwabcinta ba, masauki komai kyansa kango zai zama.

Maƙwabcin dajin nan shi ne mutumin da muke cewa muna son taimaka wa ɗansa da biro, don haka mu dube shi da kyau. Manomi ne kamar iyayenmu, a ƙauyukan Alkaleri da kewaye. Mu da muka san zafin shanu su shiga gona dare ɗaya, mu kwatanta da garken giwaye. Kafin gari ya waye masara da dawar shekara sun zama tarihi, kuma ba ka da makiyayin da za ka kai ƙara wurin dagaci. An hana shi farauta a dajin da kakanninsa suka yi farauta, an hana shi kiwo da saran itace a ciki. Shi ke biyan kuɗin giwar da mu za mu je mu yi wa hoto. Idan bai ga amfanin dajin ba, ranar da mafarautan haure suka zo wucewa zai kawar da kai, kuma ba za mu ce ya yi abin mamaki ba. Shi ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014, ba ta tsaya ga sintirin ma'aikata kawai ba, har da ɗaukar mutanen ƙauyukan su riƙa lura da motsin giwaye suna kare gonaki.

Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka. A Yuganda, kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandun daji na al'ummomin da ke kewaye ne. Ruwanda ta fara da kashi 5 a 2005, ta ɗaga zuwa kashi 10 a 2017, kuma da kuɗin ake gina azuzuwa da asibitocin karkara. Ga yadda daji ke gina makaranta ba tare da an jera yaro a rana ba. Kusa da mu ma akwai misali, a Kure ta jamhuriyar Nijar, gabas da Yamai. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996. Ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, har suna cin waken manoma. Aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, aka kawo musu rijiyoyi da ƙananan rance. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi. Sai a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, har da shugaban masu jagorar. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Duk ƙauyen da ya dogara ga alherin mai wucewa, rana ɗaya ta isa ta yanke masa shi. Makaranta ba ta rayuwa a haka.

Saboda haka idan da gaske muna son mutanen gefen Yankari su amfana da zuwanmu, hanyar a buɗe take, sai dai ba ta da daɗin hoto. Mu biya kuɗin shiga cikakke, mu karɓi rasit, kada a nemo wani ɗan'uwa mai hanya ya yi waya a shigar da mu kyauta, wanda shi ne abin da muka fi gwanancewa a kai. Mu biya ɗan jagora, mu ƙara masa da na goro. Ƙosai da gyaɗa da ruwan da za mu saya, mu saya a hannun matan garuruwan da ke bakin hanya, kada mu cika but da kayan Kano. Kuma duk wanda ya tare mu da naman daji mai araha a hanya, mu wuce shi. Ba ma'ana mutum ya biya kuɗi ya kalli gwanki da safe, da yamma ya saye shi a tsire.

To kuɗin biro da alewar fa? Ga abin da muke roƙo a yi da shi. A sayi kujeru a cikin bas. Ko huɗu ne, ko biyar, a ba yaran aji biyar da aji shida na nan yankinmu, waɗanda ba su taɓa wuce Kabuga ba. A sami izinin iyayensu a rubuce, a tafi da malami ɗaya da wata uwa daga zumuntar mata saboda 'yan mata. Bambancin a bayyane yake. A tsarin farko yaro yana tsaye ana kallonsa. A wannan yana zaune a bakin taga, shi ke kallo, shi ke tambaya, shi zai dawo ya tara 'yan ajinsu ya ba su labarin ruwan da ke fitowa da ɗumi daga cikin dutse. Wa ya sani ko cikinsu akwai wanda zai karanta ilmin gandun daji, ya zama shi zai ta da Falgore.

Makarantar da ke buƙatarmu kuwa, muna wuce ta kowace safiya. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024, kuma ba wanda ya san dalili kamar mu da ke ganin azuzuwan da iskar farkon damina ta yaye wa kwano, da yaran da ke rubutu a kan gwiwa don babu tebur. Cikin zumuntar nan akwai kafintoci, akwai magina, akwai masu takardar NCE da ke zaune suna jiran aiki. Mutum biyu ko uku su je wurin hedimasta bayan an tashi, su gaisa, su tambaye shi abin da ya fi damunsa, su saurara. Wataƙila abin da zai faɗa ba ya cikin abin da muka zata. Mai yiwuwa ƙofar bayi ce, wadda rashinta ke sa 'yan mata manya zaman gida. Mai yiwuwa alli ne, ko benci goma da suka karye suna jibge a ofis, ƙusa da katako kawai suke jira. A bi ta kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye da masu unguwa ke ciki, a sanar da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma idan aikin ya kai haka. A yi shi ranar Asabar, ba a taɓa lokacin darasi ba. A dawo wata mai zuwa a duba ko bencin yana nan. Wannan dawowar ita ce abin da mai safari ba zai iya ba, mu kuwa ba ta cin mana ko kuɗin acaɓa.

Mun san abin da za a ce. Za a ce yaran can sun fi namu talauci, kuma kaɗan ya fi babu. Mai yiwuwa sun fi. Wanda abin ya tsaya masa a rai, ƙofa ba a rufe take ba. Ya nemi wata ikilisiya ko wani malami da ke zaune a yankin, ya ji ta bakin hedimastan, ya aika abin da aka ce ana so a farkon kowane zango, malamai su raba yadda suka ga ya dace. Idan yana son ganin wurin da idonsa, ya je bayan an tashi, ya zauna da malamai, wayarsa tana aljihu. Idan aka cire waƙa da hoto sai sha'awar ta mutu, to mun gane abin da muke so tun farko. Za a kuma ce dattawan ikilisiya da suka ba da gudummawa suna son ganin shaida. Rasit shaida ce. Hoton bencin da aka gyara shaida ce, kuma benci ba shi da uban da za a nemi izininsa. Tun muna Makarantar Lahadi aka koya mana yadda ake yin kyauta, ba sai mun maimaita a nan ba.

Saura batun lokaci. Da yawa suna son Disamba saboda sanyi, amma wanda ke son ganin dabbobi sosai ya jira rani ya yi nisa. A watan Maris da Afrilu ciyawa ta bushe, kududdufai sun ƙafe, namun dajin suna taruwa a bakin kogin Gaji don shan ruwa, kuma hutun Ista yana faɗowa daidai nan, yaran da za a tafi da su ba za su rasa darasi ba. Zafi ne kawai, sai a tanadi ruwa da huluna. Kafin a sa rana a tambayi direbobin tashar Bauchi halin da hanyar Birnin Kudu da Ningi take ciki, a tashi da sassafe, kada dare ya yi mana a hanya. A kama ɗakuna tun da wuri, domin lokacin biki masaukin yana cika. Fitar safe ta fi ta yamma, kuma a cikin motar kallo ba a ihu, ba a sauka sai ɗan jagora ya ce a sauka. Wanda aka ba riƙon jakar burodi a Wikki kuma ya riƙe da hannu biyu, ya rufe taga da ƙofa, don bikan wurin sun san ƙarar leda tun daga nesa.